Bikinsu a cikin ɗaki, namu a kan titi: ƙarshen shekara a Japan a idon malamin Turanci

Masu tambayata yadda ake samun aikin koyar da Turanci a Japan, kusan tambayoyinsu ɗaya ne: nawa ake biya, wace irin biza ake bayarwa, ana samun naman halal ko sai kifi. Har yau ban ga wanda ya tambaye ni yadda ake yin Sallah a nan ba, ko yadda mutum yake ƙarasa shekara. A ganina kuwa a nan ne baƙunci ya fi cizo, kuma a nan ne malami Bahaushe yake da shawarar da zai yanke wa kansa: ko dai ya tsaya gaban allo yana tallan bikin wasu shekara da shekaru, ko ya shigo da nasa cikin aji.

Ina aiki ne a makarantun gwamnati a lardin Gunma, arewa maso yamma da Tokyo, a matsayin mataimakin malamin Turanci. Malamin aji ɗan ƙasa ne, kai kuma an ɗauko ka don yara su ji harshen daga bakin wanda ya yi karatunsa da shi tun yana ƙarami. Gwamnati tana da nata shirin mai suna JET tun 1987, amma irinmu 'yan Najeriya galibi ta hannun kamfanoni muke shigowa, su ne suke ƙulla yarjejeniya da hukumomin ilimi na garuruwa sannan su rarraba mu makarantu. Tun 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare, shi ya sa buƙatar malamai ta ƙaru har ta kai ga irinmu.

Da Disamba ta kama, gari zai cika da fitilu da waƙoƙin Kirsimeti, alhali Kiristocin ƙasar kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai. Ranar 25 ga wata ranar aiki ce kamar kowace rana. Abin da suke kira Kirsimeti shi ne kek mai farin kirim, da kyauta ga yara, da fitar samari da 'yan mata daren 24, sai kuma soyayyar kaza. Kamfanin KFC ne ya fara wannan talla a 1974, ta kama har ta zama al'ada, yanzu sai ka yi odar kazarka makonni kafin ranar ko ka bi dogon layi cikin sanyi. A makaranta kuwa, duk wanda ba ɗan Japan ba ne ana ɗaukarsa masanin Kirsimeti. Malamar aji za ta same ka da ladabi ta ce, "Sensei (wato malam), mako mai zuwa ko za ka yi wa yara darasi kan yadda kuke yin Kirsimeti a ƙasarku?" Abin da take jira ta gani shi ne dusar ƙanƙara da jar hula da barewa mai jan keken Santa.

Ni a Kaduna na tashi, don haka Kirsimeti ba baƙon abu ba ne gare ni. Na san shinkafa da kaza da maƙwabta ke aiko mana a kwanon samira, na san yadda tashoshin mota ke cika da masu tafiya Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, na san ƙarar abin fashewar da yara ke kunnawa har dare ya raba. Na kuma san yadda rikicin shekarar 2000 ya raba garin gida biyu, kowa ya koma ɓangaren kogin da 'yan'uwansa suka fi yawa, har aiken abincin nan ya ragu a unguwanni da dama. Wannan Kirsimetin ce nake ba yara labari, da ƙurar hunturu a maimakon ƙanƙara. Hular Santa kuwa nakan ba da haƙuri, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsuke fuska a kan haka ba.

Babban bikinsu na gaskiya shi ne sabuwar shekara, wadda suke kira Shogatsu, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Tun 1873 suka mayar da ita 1 ga Janairu. Shirinta yana farawa da shara. Ranar ƙarshe ta zangon karatu, yara da malamai har da shugaban makaranta kowa zai ɗauki tsumma da tsintsiya, a goge tagogi, a janye tebura, a kwashe dattin da ya taru a lungu. Haka ake yi a gidaje da ofisoshi da shaguna. Ma'aikata su yi walimar sallamar shekara, wadda giya ce ginshiƙinta, ni dai nakan je in zauna da shayina in gaisa da mutane, saboda a can ne malamin da ba ya yi maka magana duk shekara zai buɗe baki. Daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu ofisoshin gwamnati a rufe suke. Jiragen ƙasa su cika maƙil da masu komawa garuruwan iyayensu. Daren 31 a ci taliyar soba, wuraren ibadar Buddha su kaɗa ƙararrawa sau 108, washegari a yi ɗango zuwa wuraren bauta; Meiji Jingu da ke Tokyo kaɗai yana karɓar mutum kusan miliyan 3 a kwana ukun farko. Mu a Gunma, safiyar 1 ga Janairu ake tseren gudun ba-ni-in-ba-ka na kamfanoni, kilomita 100, daga Maebashi a zagayo a dawo, a Takasaki kuma a ci kasuwar jajayen 'yan tsanan daruma.

Duk wannan da na lissafa, in ka cire kasuwa da tsere, a bayan ƙofa ake yinsa. Biki ne na iyali, na jini, na gidan kaka. Unguwar da nake zaune takan yi tsit kamar an yi shara da mutane. Iskar da ke saukowa daga dutsen Akagi, busasshiya mai fasa leɓe kamar hunturun Zariya, ita kaɗai ke yawo a titi. Gidajen haya irin namu ba su da ɗumi, sai ka sayi kananzir ka kunna hita ka zauna kusa da ita. Maƙwabciyata, dattijuwa mai kirki wadda takan kawo mini kabeji daga lambunta a lokacin kaka, za ta fito ran 1 ga wata ta rusuna ta yi mini gaisuwar shekara cikakkiya, ta roƙi mu ci gaba da zaman lafiya a bana, sannan ta koma ciki ta ja ƙofa. Tana da 'ya'ya da jikoki a ciki, ina jin dariyarsu ta bango. Ba rowa ba ce, ba ƙiyayya ba ce. A tunaninta, kiran baƙo cikin irin wannan rana takura masa ne, ɗora masa nauyin ladabi da kyauta ne, kuma shiga hurumin da ba nata ba ne.

To a nan ne nake cewa mun fi su, kuma ina faɗa da gaba gaɗi. Sallarmu a waje take. Tun daga filin idi, wanda ba ka sani ba zai miƙo maka hannu, in ya ji kai baƙo ne ya ce sai ka biyo shi gida. Yara su yi ta kai-kawo da kwanukan tuwo da miyar taushe da waina daga wannan gida zuwa wancan, har uwar gida ta rasa wanne kwano ne na wa. Naman layya, malamai suka ce a ci, a yi kyauta, a yi sadaka, kuma haka ake yi: ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Enugu, wanda bai san kowa a garin ba, shi ma sai ya wayi gari da soyayyen nama a leda. Mu da muka ce baƙonka annabinka, a ranar Sallah ne ake ganin ba faɗa ce kawai ba. Wanda bai taɓa kwana uku a ƙasar da biki ke rufe ƙofa ba, ba zai san girman wannan abu da muke yi ba tare da mun ɗauke shi komai ba.

An taɓa gayyatata gida sau ɗaya a bikin sabuwar shekara, wani malamin lissafi ne da muke zama tebur kusa da juna. Sai da ya yi kwanaki yana tambayata abin da nake ci da wanda ba na ci, yana rubutawa a ƙaramin littafi. Da na je, na tarar mahaifiyarsa ta dafa mini miyar sabuwar shekara a tukunya daban, da romon kifi, ba ta sa giyar girkin da suke sawa a kusan komai ba, ta ajiye kwalaben kayan haɗin a gefe don in karanta da idona. Ta yanka mini curin mochi, wato dakakkiyar shinkafa mai danƙo, ƙanana-ƙanana, tana gargaɗina in tauna sosai, don duk shekara sai an ji tsofaffin da ya shaƙe. Muka zauna ƙafafunmu a ƙarƙashin tebur mai bargo da hita a ciki, kakan gidan yana kallon masu tsere a talabijin. Irin kulawar da aka yi mini a gidan nan, ban san ko mu muna yi wa baƙo haka ba. Mu mukan tura masa kwano mu ce bismilla, ko yana cin yaji ko ba ya ci. Su in sun buɗe ƙofa suna buɗewa da dukkan zuciya. Matsalar ita ce a shekara nawa ake buɗewa sau ɗaya, kuma malamai baƙi nawa ne suke ƙare hutun nan daga su sai waya.

Akwai kuma abin da suka fi mu, wanda nake so a ce mun ɗauka. Abincin bikin, osechi, ana shirya shi ne kafin ranar, a jera a akwatuna, abubuwa ne masu jure kwanaki, don a huta da girki kwana ukun farko. Yau ma da yawa saya suke yi. Ka kwatanta da iyayenmu mata da ƙannenmu: daga tuyar cincin da daddare, zuwa tuƙin tuwo da asuba, zuwa gyaran kayan ciki da suyar nama kwana biyu a gaban murhu da Babbar Sallah. Maza na yawon gaisuwa cikin shadda, su suna cikin hayaƙi. Mata nawa ne a gidajenmu suke samun zuwa idi ma? Na biyu, ban ga gasa a bikinsu ba. Ba wanda ke leƙen kayan da maƙwabci ya sa. Mu kuwa tun azumi bai raba ba an cika Kasuwar Barci, tela ya karɓi ɗinkin da ya san ba zai gama ba, magidanci ya ci bashi don ragonsa kada ya kasa na gidan da ke kallonsa, direba ya ninka kuɗin mota. Da bakinmu muka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, amma duk shekara sai mun sake. Su suna ƙoƙarin shiga sabuwar shekara ne da gida a share da lissafi a rufe.

Sai dai duk kaɗaicin Janairu bai kai na ranar Sallah ba. Hutun sabuwar shekara aƙalla kowa na hutu, kana da lokacin kiran gida. Sallah kuwa tana zuwa ne ranar da ba wanda ya san da ita. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar Laraba 10 ga Afrilu, a makon farko na sabuwar shekarar karatu, don a Japan a Afrilu ake buɗe shekarar makaranta. Lokaci ne da ake gabatar da malamai ga sababbin ɗalibai, ba wanda ke son jin maganar hutu. Akwai masallaci a Isesaki, inda 'yan Pakistan da Bangaladash masu sana'ar tsofaffin motoci suka yi yawa, sai 'yan Indonesiya masu aiki a masana'antu. Ana yin sallar da wuri, wani lokacin sahu-sahu saboda wurin ba ya ɗaukar jama'a. Ana sallamewa za ka ga mutane suna duba agogo. Ka cire babbar riga a mota, ka ɗaura lakataye, ƙarfe tara kana gaban allo kana maimaita sunayen ranakun mako.

Japan tana gaban Najeriya da awa 8. Lokacin da nake tashi daga aiki da yamma, a lokacin ne ake fita idi a Kaduna. Waya ta fara ruri, hotuna na shigowa, ƙanwata ta juya kyamara in ga lallen hannunta da yaran gida cikin sababbin kaya. Inna ta karɓi wayar.

"Baban gida, an yi Sallah lafiya? Ka samu ka je idi kuwa?"

"Na je, Inna, da sassafe. Daga can na wuce makaranta."

"Makaranta yau? Ikon Allah. To me ka ci?"

"Shinkafa na dafa tun jiya."

"Allah sarki. Allah ya maimaita mana, ya dawo da kai lafiya."

Ba ta ƙara komai ba, amma na san da abin ta wuni.

Wasu 'yan'uwa da muke hira da su suna cewa haƙuri za a yi, wai in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ban yarda da wannan ba a maganar Sallah. Dokar ƙwadago ta Japan ta ba ma'aikaci hutun kwana 10 da albashi bayan ya cika wata shida yana aiki. Haƙƙinka ne. Abin da ke kawo cikas biyu ne. Wasu kamfanonin suna ɗora wani ɓangare na kwanakin a kan lokacin da makarantu ke rufe, su bar maka kaɗan a hannu, kamar yadda wasu ke rage albashin Agusta da Disamba saboda ba a cika kwanakin aiki ba. Wannan sai mutum ya karanta takarda da kyau kafin ya sa hannu. Na biyu shi ne ganin wata. Mutanen da ke tsara jadawalin shekara guda tun kafin ta fara, in ka ce musu bikinka ko Talata ko Laraba, sai daren ranar za ka sani, kansu ɗaurewa yake yi. Maganin abin mai sauƙi ne: tun a Afrilu ka kai wa mataimakin shugaban makaranta kalanda, ka nuna masa ranaku biyun da ake sa rai, ka bayyana cewa lissafin wata ne kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ka shirya darasin da za a yi in ba ka nan. Su ma sun yi amfani da kalandar wata ɗaruruwan shekaru, ba abin da zai gagare su fahimta ba ne. Abin da ba sa so shi ne ba-zata. Wanda ya yi shiru yana jin kunya har ranar ta zo, shi ne zai ƙare da cewa an hana shi.

Abin da ya fi hutun muhimmanci a wurina shi ne ajin kansa. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin Japan ya hana hukuma koyar da addini, don haka makarantar gwamnati ba wurin wa'azi ba ce, kuma bai kamata malami ya mayar da ita haka ba. Amma in ana iya yin darasi kan Kirsimeti da bikin kabewar Amurkawa (Halloween) a matsayin al'ada, ana iya yi kan Sallah. Na nuna wa 'yan aji shida hotunan hawan Daushe, dawaki cikin ado, 'yan lifida, masu algaita da kakaki, na gaya musu cewa a Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Ajin ya kaure da surutu, wani yaro ya tambaya ko su ma samurai ne, wato mayaƙan Japan na dā. Da na zo kan barka da Sallah, na ce yara kan zaga gidajen dangi a ba su kuɗi, kuma manya har banki suke zuwa neman sababbin takardu, sai suka yi ihu gaba ɗaya, "Otoshidama!" Haka suke yi su ma: a sa sabuwar takardar kuɗi a ƙaramar ambulan, daga yen 1,000 zuwa 10,000 gwargwadon shekarun yaro. Ranar nan sun yi Turanci fiye da kullum, saboda akwai abin da suke son sani da gaske: nawa ake ba ku, wa ke riƙe kuɗin, ku ma iyayenku mata suna cewa kawo in ajiye maka?

A bayan ajin akwai wata yarinya da iyayenta 'yan Bangaladash ne, wadda ke zuwa da abincinta daga gida saboda na makaranta yakan haɗa da naman alade. Ita ce ta ɗaga hannu ta ce su ma suna yi, ta faɗi abin da mahaifiyarta ke dafawa, sauran suka juya suna yi mata tambayoyi. Irin waɗannan yara suna ƙaruwa a Gunma. A garin Oizumi kusan mutum ɗaya cikin biyar baƙo ne. Binciken Farfesa Hirofumi Tanada na Jami'ar Waseda ya ƙiyasta Musulmin Japan da kimanin 230,000 wajen 2020, masallatai kuma sun haura 100, alhali na farko da ya tsaya har yau, na Kobe, a 1935 aka gina shi. Malamin da ya ɓoye bikinsa yana koya wa waɗannan yara su ɓoye nasu, yana kuma koya wa sauran cewa Turanci na masu jar hula ne kaɗai, bayan kuwa yawancin waɗanda za su yi magana da su da harshen nan gaba daga Asiya da Afirka za su fito.

Saura laifinmu mu da muke nan. 'Yan Pakistan sun gina masallatai da kuɗin aljihunsu, 'yan Indonesiya in sun yi Sallah sai ka ɗauka a Jakarta kake, da abinci da yara da komai. Mu Hausawa ba mu da yawa, kuma a warwatse muke, wani ɗalibi a Tsukuba, wani a Nagoya, wani yana sana'ar mota a Saitama. Gaisuwarmu ta Sallah takan ƙare a WhatsApp. Layya dai sai dai a aika kuɗi gida, don doka ba ta barin ka kayar da rago a tsakar gida yadda muka saba. Amma kusan kowane gari a nan yana da zauren jama'a na ƙaramar hukuma, da kicin a ciki, ana bayar da shi haya da kuɗi kaɗan in ka nema da wuri. Ana samun naman rago na halal a shagunan 'yan Pakistan, garin shinkafa ba ya yankewa a ƙasar nan, kuka da daddawa kuwa duk mai dawowa daga gida yana iya sako su a jaka. Lahadin da ta biyo bayan Sallah ta ishe mu, kuma in za a yi, a kira har da malaman Japan da muke aiki tare da iyalansu, da maƙwabta, da sauran malamai baƙi 'yan Filifin da Jamaika waɗanda su ma suke ƙare Kirsimetinsu a aji.